Bashin Yawo

Shekara tara ke nan da na je Bankok saro yadi,
aka ɗage tashin jirgi, aka ce sai jibi.
Niran ya ɗauke ni a 'yar motarsa mai ƙanshin lemun tsami,
ni kaɗai, kuɗin wuni na biya,
ya zaga da ni gidajen ibadarsu masu rufi ruwan zinare.
A bakin ƙofa na toge, na tuna malamin zaurenmu.
Ya ce, "Ba sai ka rusuna ba, Alhaji. Tsaya nan ka duba."
Na tsaya, na duba.

Yau ga shi a Kano, ya biyo ayarin masu sayen riɗi.
"Wuni ɗaya gare ni. Nuna mini garinku."
Na amsa da ƙarfi, kamar garin yana aljihuna,
na bar wa yaro shago a Kwari.

Ƙofar Mata muka fara.
Tambai na durƙushe bakin karofi, shuɗi har gwiwar hannu.
Niran ya tambayi shekarun ramin,
na buɗe baki, babu kowa a ciki.
Tsohon ya ce, "Kakan kakana a nan ya tarar da shi."
Baƙo ya tsoma ɗan ali cikin ruwan baba,
ya fito da shi kore, iska ta mai da shi shuɗi yana kallo.

Kurmi ta haɗiye mu ba tauna.
Kanumfari, jar fata, a ba da hanya, a ba da hanya!
Sau biyu na ɓata
a garin da aka binne cibiyata.
Wata mai sayar da kwalli ce ta nuna mana mafita da haɓa.

A badala na so in ja hannunsa mu wuce:
ganuwa ta zauna, akuya a kanta,
leda ta yi mata rawani,
wani ya jingina mata rumfar cajin waya.
Shi kuwa ya dafa ƙasar da tafin hannu
yadda uwa ke jin zazzaɓin goyo.
Ya ce, "Akwai irinta a arewacinmu. Tamu ta jan bulo ce,
amma tsufan ɗaya ne."

Sai Dala.
Shekara hamsin da uku ina hango dutsen nan ta tagar mota,
ban taɓa taka shi ba.
Ban faɗa masa ba, haki ne ya tona ni.
Daga sama ga kwano, ga kwano, ga hasumiya,
tankunan ruwa, shirwa na shawagi ƙasa da ƙafarmu.
"Ina gidanka?"
Na ɗaga yatsa, yatsan ya yi ta yawo,
na ajiye shi kan wani dabino don kada in ji kunya.

La'asar ta taso daga kusurwa ɗari lokaci guda.
Muka sauko. A ƙofar masallaci ya toge,
irin togewar da na sani.
Na ce, "Ba sai ka shiga ba. Tsaya nan."
Da na fito, yana inuwar darbejiya
rungume da takalmana a ƙirji,
wai ya ga sun yi kama da na mutane da yawa.

Da almuru ya zaro kuɗin wuni.
Na ture hannunsa. Ni da ya kai ni Dala, wa zai biya wa?
Ya ɗaga mini ɗan alin nan mai shuɗi
ta gilashin mota, har suka sha kwana.

A gida Hajjo ta ajiye tuwo, ta ga ina ɗingishi.
"Ina ka wuni?"
Na ce, "Kan Dala."
Ta ce, "Me aka yi a can?"
Na daɗe ina wanke hannu.